Zuwa ga Auta, a kan kujerar yaron nan



Auta, ina fata kuna lafiya, ke da mai gidan da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ji saƙonki game da kujerar mota. Kin ce ɗan nawa ya cika huɗu, ƙanwarsa ta yi wa tata kujerar girma, Abbansu kuma yana ganin a sauke shi daga mai ɗamarar a ba ta, shi a saya masa busta tunda ta fi araha kuma ba ta cin wuri. Kin ce in zaɓo in taho da ita. Zan taho da kujera in sha Allahu, amma ba busta ba ce. Na ga gara in zauna in rubuto miki dalili a tsanake, ki samu abin nuna wa Abbansu, da mu yi ta katse juna a waya.

Mu fara da bel ɗin motar kansa. Wannan da muke ja ya ratsa ƙirji ya kewaye ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya fito da shi a 1959, kuma jikin babban mutum ya auna. A jikinki, na saman yana hawa tsakiyar kafaɗa ya bi ta ƙashin ƙirji, na ƙasan kuma ya kwanta a kan ƙashin ƙugu. Duk inda ya taɓa ƙashi ne mai ƙarfi. Yanzu ki zaunar da ɗan shekara huɗu a wurin ki duba. Na saman a wuya zai sauka. Ƙafafunsa ba su kai ya lanƙwasa gwiwa a bakin kujera ba, don haka sai ya zamo gaba don ya ji daɗin zama, na ƙasan ya haye kan cikinsa. Ga shi fukafukan ƙashin ƙugun nan da ke tare bel ba su gama fitowa a jikin ƙaramin yaro ba. Idan aka yi karo a haka, bel ɗin cikin tumbi yake nutsewa, ya ji wa hanji ciwo, wani lokaci yaron ya ninke a kansa har ƙashin baya ya samu matsala. Likitocin haɗari sun san wannan rauni sarai.

Aikin busta ke nan, kuma iyakarsa ke nan: ta ɗaga yaro sama, ta saita masa bel ɗin manya ya faɗa inda ya kamata. Ita kanta ba ta riƙe kowa. Mai ɗamara kuwa ita ce ke riƙe shi, a wuri biyar: kafaɗa biyu, ƙugu biyu, da tsakanin cinyoyi, duk su haɗu a maɓalli ɗaya. Ƙarfin karo sai ya rarrabu a ƙasusuwa maimakon ya taru wuri guda, na tsakanin cinyoyin kuma ya hana shi sulalewa ta ƙasa. Kamar goyo ne da aka sa wa majanyi aka tamke: ko yana barci, ko yana mutsu-mutsu, ko yana fushi da ke, yana nan inda kika ajiye shi.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin duk maganar a nan take. Ranar da kika ɗora yaro a busta, kin miƙa masa rabin aikin tsare kansa. Bel ɗin mota sake yake, yana bin mutum duk inda ya karkata, ba ya cijewa sai an ja shi da ƙarfi. To idan ya cije, a yadda ya tarar da yaron zai riƙe shi. In ya same shi zaune sak, bayansa manne da kujera, madalla. In ya same shi ya sunkuya yana lalubo takalminsa, ko ya juya yana tsokanar ƙanwarsa, ko ya zura na kafaɗar a ƙarƙashin hammata don yana gogar masa wuya, ko ya mayar da shi bayansa gaba ɗaya, to ba shi da kariya ta kirki a wannan daƙiƙar. Haɗari kuma ba ya sallama.

Ke kin fi ni sanin ɗanki, amma ni ma na gan shi a hoton bidiyon da kika turo ranar Sallah. Tsakanin gida da gidan Inna kawai, ya leƙa taga yana ƙirga adaidaita sahu, ya miƙa hannu yana neman wayarki, ya yi ƙoƙarin cire hularsa ya sa wa ƙanwarsa. Lafiya ce, haka ake son yaro. Sai dai mai irin wannan kuzari bai kai a damƙa masa bel ba tukuna. Ki ƙara da barci. Duk lokacin da kuka ɗauki hanyar Zariya, kafin ku kai Kwanar Dangora ya yi nisa. Yaro mai barci a busta kansa yakan rinjaye shi, ya zube gefe ko gaba, kafaɗarsa ta fita daga bel. A cikin ɗamara kuwa sai dai kai ya langaɓe, jiki yana wurinsa. Ke kina tuƙi ko kina gaba, ba za ki yi ta waiwaye kina cewa “zauna daidai” har Kaduna ba.

Ƙungiyar likitocin yara ta nan Amurka, a shawarar da ta sabunta a 2018, ba ta yanke wata shekara ta komawa busta ba. Cewa ta yi yaro ya ci gaba da zama cikin ɗamara har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da masu kujerar suka rubuta. Yawancin irin waɗannan kujeru a nan suna ɗaukar yaro har fam 65, wato wajen kilo 29, da tsawon inci 49, kusan santimita 124, kuma yara da yawa ba sa kaiwa nan sai sun shekara shida ko bakwai. Daga nan sai busta, har ya kai kusan santimita 145, wanda yakan faɗo tsakanin shekara 8 da 12. Zaman gaba kuma sai ya cika 13.

Na san abin da Abbansu zai ce: ai a jikin kwalin busta an rubuta daga kilo 15. Gaskiyarsa. Tsohon ma'aunin Turai ya yarda da busta daga kilo 15, sabon kuma, wanda ake kira i-Size, daga santimita 100. Amma wannan lamba mafi ƙarancin abin da doka ta lamunta ce. Sikeli nauyi kawai yake faɗa, ba ya faɗin ko yaro zai iya zaman awa biyu bai karkata ba. Ita kuwa ƙaramar nan marar jingina, mai kama da matashi, wadda na tabbata ita ya gani a shago, ko a Ingila tun 2017 ba a amincewa da sabbin samfurinta sai ga yaron da ya wuce santimita 125 da kilo 22. Ɗanmu da saura.

Kada ki ɗauka ƙin busta nake yi. Lokacinta na zuwa, kuma in ya zo wajibi ce. Wani bincike na asibitin yara na Filadalfiya da aka buga a 2009 ya nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 4 zuwa 8, waɗanda ke kan busta sun fi waɗanda aka ɗaura wa bel kawai tsira daga rauni da kashi 45 cikin 100. Mutanen Suwidin ma, da ake buga misali da su a wannan fanni, daga kujera mai kallon baya suke wucewa busta kai tsaye, sai dai su sukan bar yaro yana kallon baya har ya shekara huɗu ko fiye. Saboda haka ita ƙanwar tasa, in kujerar da za ta gada tana juyawa baya, ki juya mata ita, ki bar ta a haka muddin ba ta wuce iyakar da aka rubuta ba. Wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwarin ɗaukar nauyin kansa ba idan mota ta tsaya cak.

Wadda zan kawo masa mai ɗamara ce, irin wadda in ya fi ƙarfin ɗamarar ake zare ta, kujerar ta koma busta mai jingina. Kuɗi ɗaya, aiki biyu, ina ga wannan zai kwantar wa Abbansu da hankali. Yadda za ki gane ya fi ƙarfinta abu uku ne, kuma ko ɗaya ya faru shi ke nan: nauyinsa ko tsawonsa ya wuce abin da ke jikin takardar da aka manna a gefe, ko kafaɗunsa sun haura ramin maɗauri na can sama, ko saman kunnuwansa sun kai ƙarshen jinginar.

Sai ɗaurawa, wadda nan ne mutane suka fi yin sakaci. Motarku 'yar Amurka ce, kuma duk ƙananan motocin da aka ƙera don kasuwar nan tun daga 2002 suna da ƙarafunan maƙala kujera a lungun da mazauni ya haɗu da jingina. Suna kuma da wata ƙugiya a baya, a irin taku tana kan allon da ke ƙarƙashin gilashin baya, an rufe ta da ɗan murfin roba mai zanen anga. A bayan kujerar yaron za ki ga wata igiya mai ƙugiya a sama. Don Allah kada a bar ta tana reto. Ita ce ke hana saman kujerar wuntsilawa gaba, tana rage tafiyar kan yaro da santimita 10 zuwa 15, kuma wannan tazarar ce tsakanin goshinsa da bayan kujerar direba. Ƙarafunan ƙasan suna da iyakar nauyi, an rubuta a gefen kujerar. In ya wuce, sai a koma ɗaure ta da bel ɗin mota: ki zura shi ta inda aka nuna, ki danna, ki zaro shi har ƙarshe, sannan ki sake shi a hankali. Za ki ji yana ƙas-ƙas-ƙas yana komawa, alamar ya kulle ke nan. Ki sa gwiwa ki danne kujerar ki ja ragowar. In kin gama ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki girgiza. Kada ta motsa fiye da inci ɗaya.

Shi kuma in ya zauna, ki ja ɗamarar har sai kin kasa tsunkuno ta da yatsu biyu a kan kafaɗarsa. In ta tsunkunu, da saura. Ɗan maɓallin ƙirjin ya tsaya daidai hammata, ba kan ciki ba. Da hunturu, ki cire masa rigar sanyi mai kauri kafin ki ɗaure, sai ki lulluɓa masa ita ta sama, domin kumburin rigar yaudara ne, karo na zuwa zai lotse ya bar ɗamara sako-sako. Da bazara kuma ki riƙa yafa wa kujerar tsohon zani in kun ajiye mota a rana, ƙarfen maɓallin nan yana iya ƙona cinyar yaro.

Na ji kin ambaci na gwanjo. Ki haƙura da su. Ba ki san ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro ta ba, tsagewar roba kuma ba kullum ido ke ganinta ba. Suna kuma da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, wadda ake bugawa a ƙasa ko a baya.

Idan lokacin busta ya yi, ki fara gwada shi a gajeriyar tafiya, kamar makaranta ko Islamiyya, wani babba na zaune kusa da shi. Bel na ƙasan ya kwanta a saman cinya, na saman a tsakiyar kafaɗa. In ya yi ta sunkuyo ko wasa da maɓalli, ki mayar da shi ɗamara in har bai wuce iyakarta ba, babu abin kunya a ciki. Kuma ko kusa kada a ɗora busta a mazaunin da bel ɗinsa na ƙugu ne kawai, irin na tsakiyar wasu tsofaffin motoci.

Abin da na fi jiye miki ba kujerar ba ce, bakin mutane ne. Za a ce ƙato da shi ana ɗaure shi kamar jariri. Ranar biki za a ce a cire kujerun a sa a but don mutum biyar su samu wuri, yaran a ɗora su a cinya. Kin san ni, ba na son ɓata wa dangi, amma a nan ki daure ki ce a'a, ko da za a yi sawu biyu. Karo a gudun kilomita 50 kacal, irin gudun cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Addu'ar shiga mota ba ma barinta, ki ci gaba da koya masa, ki kuma ɗaure shi kafin a tayar. Shi ma direban da ke kai su makaranta ki nuna masa da hannunki, ki tsaya ki ga ya yi.

Kafin in zo, kada a sauke shi daga wadda yake ciki muddin bai wuce iyakarta ba. In ta Turai ce, mai yiwuwa ɗamararta a kilo 18 ta tsaya, ki duba takardar ruwan lemo da ke manne a jikinta. Ki ɗora shi a sikeli, ki tsayar da shi jikin bango ba takalmi ki auna tsawonsa, sannan ki zaunar da shi a ƙasa ki auna daga tabarma zuwa kafaɗa. Ki turo mini lambobin uku a wannan makon, tare da hoton takardar da hoton kujerar bayan motarku.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce maganin ƙafar yana cikin kayana. Ki gaida Abbansu, ki shafa mini kan yaran.

Wassalam,
Yayarki