Durom ɗinki da bututunmu

Challawa, Kano

Yaya,

A gaishe min da Inna da kyau, da mutanen Tsanyawa baki ɗaya.

Kin ce masu sayen sabulun ruwanki suna ƙorafi, yau ya yi kauri gobe ya tsinke, kina tambaya ko yadda muke haɗa lemo a kamfani zai yi miki amfani.

Tsohuwar hanya ita ce irin taki, sai dai tanki ne a madadin durom. A zuba ruwa, a zuba ruwan sikari mai kauri, inji ya yi ta juyawa, sannan a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji. In babu wani tankin a shirye, kafin sakamako ya fito layin cika kwalabe yana tsaye, ma'aikata suna zaman jira. Zaƙi ya zarce, a ƙara ruwa, a sake juyawa, a sake gwadawa. In kuwa haɗin ya ɓaci, tankin ne dungurungum ya tafi.

Yanzu a cikin bututu ake haɗawa, kayan suna tafiya. Ruwa yana zuwa ta nasa, ruwan sikari ta nasa, kowanne da mitar da ke ƙirga abin da ya wuce, kusan kashi 5 na ruwa ga kashi 1 na sikarin. Inda suka haɗu akwai wasu murɗaɗɗun ƙarafa a cikin bututun, ba sa motsi, gudun ruwan ne ke gauraya kansa a jikinsu. Gaba kaɗan na'ura tana karanta zaƙi da ma'aunin Brix, lemon kwalba yakan tsaya wajen 10 zuwa 11. Da ya kauce, kwamfuta za ta rage ko ta ƙara nan take, asarar ba ta wuce ɗan abin da ke cikin bututun. Kwalbar asuba da ta tsakar dare ɗanɗanonsu ɗaya. Ribar da masu kamfani suka fi so kuwa ta sikari ce: da can akan ɗan zarce da shi don gudun kasawa, kuma ɗan zarcen nan a kwalba dubbai buhuna ne.

Amma ke kada ki sa ranki a kan injin nan. Yana son wuta marar yankewa da kasuwar da za ta kwashe dubban lita kullum. Kuma sabulu yana da halinsa: kostik soda in ta shiga ruwa zafi take yi, sai an bar ta ta huce, naitirosol kuma sai ya samu lokaci ya kumbura. Mu ma sai mun narkar da sikari kafin ya shiga layi.

Awon za ki ɗauka daga wurinmu. Ki bar auna kemikal da gwangwani, gari yakan danne ko ya yi sako-sako, ki koma sikeli. Ki ja layi da fenti a jikin durom inda ruwa zai riƙa tsayawa. Ki rubuta abin da kike fara zubawa da mai bi masa, da tsawon juya muciya, yaran da ke taya ki su bi rubutun. Kada kowa ya taɓa kostik ba safar hannu.

Zan shiga kasuwar Sabon Gari ranar Asabar in sayo miki ƙaramin sikeli da takardar gwajin pH, in ba direban motar Tsanyawa. In sun iso ki kira ni in nuna miki yadda ake karanta launin takardar.

Ƙaninki,
Sani