Yakutsk, Birnin Da Ba A Binne Bututu

Baƙon da ya sauka birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, a bakin kogin Lena, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne manya-manyan bututu da ke bin gefen tituna a sarari, wasu har suna tsallake hanya ta sama kamar ƙofar gari.

Dalili kuwa shi ne ƙasar wurin daskararriya ce shekara da shekaru, bisanta kaɗai ke narkewa lokacin zafi. In aka binne bututu mai ɗumi, sai ƙasa ta saki, gini ya karkace. Don haka ne benaye ke tsaye bisa ginshiƙan kankare, bututun bahaya da na wanka suna bi ta ƙarƙashinsu, an naɗe su da kayan tare sanyi.

A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ruwan datti in yana ɗiga kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa daskarewa a jikin bututu har ya toshe shi, ƙazanta ta komo cikin gida. Ƙanƙara kuma tana kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, har ta fasa ƙarfe.

A tsofaffin unguwannin gidajen katako kuwa, da yawa masai na waje suke zuwa, cikin wannan sanyin.