Darak: Ƙauyen Da Ya Kwana A Nijeriya, Ya Tashi A Kamaru

Daga Kusiri muka shiga mota zuwa Bulangwa, a bakin kogin Shari. Daga nan sai kwalekwale mai inji, muna ratsa ciyayi, sauro yana cizonmu, har muka sauka Darak, wani tsibiri cikin Tafkin Cadi. Ƙanshin banda ne ya fara taryarmu, sa'an nan Hausa ta kowane gefe.

Kifi ne ya kafa garin nan. Da aka yi farin 1973, da kuma na 1984, tafkin ya ja da baya, tsibirai suka fito. Masunta suka yi ta bin ruwa, Hausawa da Barebari da Shuwa da waɗansu kabilu, inda ya tsaya su kafa bukkoki. Ba wanda ya ga iyaka. Yaya za a gan ta? Ingila da Faransa ne suka ja ta a takarda a 1919, suka tabbatar da ita a 1931, layi miƙaƙƙe a bisa ruwa.

Hukumar Nijeriya ta bi mutanenta. Aka kawo 'yan sanda, aka buɗe makaranta, haraji kuwa Ngala ake kai shi, a Jihar Borno. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994. Ran 10 ga Oktoba, 2002, alƙalai suka ce ƙasar ta Kamaru ce, gama karɓar haraji da gina makaranta ba su soke tsohuwar yarjejeniya ba. A Disamba 2003 aka sauke tutar Nijeriya a Darak da ƙauyuka wajen talatin. Nijeriya ta karɓi guda ɗaya, Dambore.

A ganinmu an yi abin kirki, tun da aka gama ba da yaƙi ba. Amma talaka ne ya ɗauki nauyin. Yaron da ya fara karatu da Ingilishi ya koma Faransanci, uban kuwa ya zama baƙo a ƙofar ɗakinsa. Waɗansu suka kwashe komarsu suka koma Borno, da yawa suka zauna. A watan Yuni 2019 kuma 'yan Boko Haram suka kawo hari, aka rasa rayuka.

Muka tambayi wani dattijo mai gyaran koma ko shi ɗan wace ƙasa ne. Ya yi dariya, ya ce shi dai ɗan Sarkin Ruwa ne. Da muka sayi banda a wurin matarsa, sai ta ce, "Naira za ku ba ni, ko sefa?"