Lokacin da Maye Yake Nufin Giya Kaɗai

A da, in aka ce an gurfanar da mutum gaban alƙali kan maye, ba sai an tambayi me ya sha ba. Giya ce, ko burkutu, ko bammi. Hukuncin ma a bakin kowa yake, bulala tamanin, kuma a Malikiyya warin baki kaɗai ya isa hujja in adalai biyu suka shaida.

Amma malaman zaure ba su taɓa ɗaukar duk abin da ke juya hankali a matsayin abu guda ba. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa shi uku cikin littafinsa Alfuruƙ. Muskiri shi ne mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya. Mufsidi yana dagula hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, kuma a nan ya ajiye wiwi. Murƙidi kuwa kwantar da mutum yake yi, ji da gani su ɗauke. Na farkon ne kaɗai najasa, shi ne mai haddi, kuma ko ɗigonsa haramun ne. Sauran biyun ta'aziri ne, alƙali ya duba ya yanke abin da ya dace. Ina ganin wannan rabe-raben ya fi yawancin abin da aka rubuta bayansa zurfi, domin aikin da abu yake yi a jiki ya duba.

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, giya ta sa a gaba. Sashe na 403 ya hana Musulmi shan duk abin da ke da barasa sai don magani. Daga nan gwamnati ta koma bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. A 1966 sojoji suka yi wa wiwi dokarsa, har da hukuncin kisa ga mai noma shi. A 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. A 2018 aka hana maganin tari mai kodin, bayan ya riga ya shiga ɗakunan matan aure.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ke shaƙar sholisho a bayan tasha. A fili ake sayar da sholisho, don facin taya. Zaƙami kuwa a juji yake tsirowa, ba mai shuka shi. Lauya zai daɗe yana buɗe shafuka kafin ya sami inda zai ajiye su. Da malamin zaure aka kawo wa yaron, tambaya ɗaya zai yi: in ya shaƙa, nishaɗi yake yi, ko shiru, ko barci?