Farfaɗiyar da ba ta kayar da ni ƙasa

Tun ina budurwa nake fama da farfaɗiya, amma an daɗe ba a kira ta da sunanta ba, saboda ba na faɗuwa, ba na kumfar baki. Nawa ciwon yakan fara ne da wani abu da ke taso mini daga ciki zuwa maƙogwaro, sai in ji warin da ba wanda yake ji, daga nan in ƙura ido ina taunar leɓe, ina murza gefen zane. Bayan minti ɗaya ko biyu in farfaɗo a gajiye, ban san abin da ya wakana ba. A gida aka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. A makaranta kuwa aka ce raini ne.

Sai da likitan ƙwaƙwalwa ya saurari bayanin Inna, aka yi mini gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, sannan muka san farfaɗiya iri-iri ce. Akwai mai kama ƙwaƙwalwa baki ɗaya, mutum ya sandare ya faɗi yana jijjiga. Akwai wadda yaro zai yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, ya ci gaba da maganarsa. Akwai irin tawa, mai tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Sanƙarau, maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda da buguwar kai duk suna iya jawo ta.

Na koyi shan magani a kan lokaci ko da ina jin garau, da samun isasshen barci, da nisantar bakin rijiya da murhu idan ni kaɗai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mu masu farfaɗiya kusan miliyan 50 ne, kuma har kashi 70 cikin 100 ciwon zai iya daina taso musu idan sun sami magani daidai.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne gudun da mutane suke yi mana. Wallahi yawunmu ba ya ɗauke da cuta. Idan wani ya faɗi a gabanka, ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Iyaye kuma, yaron da yake yawan ɗauke wuta kai shi asibiti ya kamata, ba duka ba.