Tabkin Bukuru

A babban hutun 1982, shekarata ta biyu da fara koyarwa a Damagaram, na tattara abin da ya rage na albashi na nufi Jos. Mota ta kai ni Kano, daga nan sai jirgin ƙasa, abin da ban taɓa gani ba sai a littafin lakkwal. Muka kwana a hanya, muka sake jirgi a Kafanchan. Daga can ya kama hawa yana nishi kamar tsohon raƙumi. Ga duwatsu a ɗore bisa juna, iska kuwa sai ƙara sanyi take, har na lulluɓe da rawanina.

Mahaifina ya riga ni zuwa. Rani uku ya yi can yana haƙar kuza, kuma da ƙafa ya ci rabin hanyar. Kuzar nan ce ma ta jawo dogon Kafanchan zuwa Jos a 1927, ba masu yawon buɗe ido irina ba.

Na shiga gidan tarihi na ga kawunan yumɓu na Nok, na hango duwatsun Shere. Amma a wajen Bukuru na daɗe, a bakin wani tabki mai ruwa kore shar. Wani dattijo da ya ga ina ta yabo ya ce:

«Malam, wannan ramin kuza ne ruwa ya cika. Hannu ya haƙa shi.»

Duk da haka na sa aka ɗauke ni hoto a wurin.

Da na komo gida na miƙa wa Baba hoton. Ya jima yana dubawa, ya yi tarin nan nasa, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin jirgin.