Kofi Uku a Bakin Ƙofa

Mu da muke rubuta manhaja a Kaduna mutanen dare ne. Waɗanda muke yi wa aiki wasu suna Turai, wasu Amurka, kuma wutar unguwa ta fi zama bayan sha biyu. Shekaru muka yi muna tsare ido da Nescafé da lemon gwangwani mai hana barci, sai da ciki ya fara ƙorafi muka koma shayi.

Shayi kuwa kala-kala ne, duk da sunan ɗaya. Akwai na teburin mai shayi, haɗin kauri da madara da Bournvita, wanda abinci ne a cikin kofi, ba a raba shi da burodi da ƙwai. Akwai ruwan bunu, baƙin ganye ba madara, Lipton ko Highland ɗin da ake nomawa a Kakara ta tsaunin Mambila, a jefa citta da kanumfari. Waɗannan duka mun tashi da su. Wanda ya zame mana makaranta shi ne na uku, shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya, irin wanda masu gadi ke dafawa a bakin ƙofofin Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki.

Akwai wani abokin aikinmu ɗan Fotugal da kan cika mu da labarin giyar garinsu, Port, wadda tun 1756 aka shata mata iyakar gonakinta a kwarin Douro. Yakan rarrabe mana ja mai ƙuruciya da suke ce wa ruby, da tawny wadda ta daɗe a gangar katako har launinta ya koɗe. Mu ba masu sha ba ne, amma mun yi kishin yadda yake da suna ga kowane ɗanɗano. Ashe namu na nan a bakin get, mu ne ba mu tsuguna ba.

Ganyen kore ne, daga Sin yake zuwa, ya bi ta Maroko ya ratsa Sahara kafin ya zama na Abzinawa. Abin da ya fara kama mu, da yake mu mutanen lamba ne, shi ne lambobin jikin kwali. 3505 ganye ne da aka mulmula ƙanana kamar harsashi, mai kaifi da ɗan ƙamshin hayaƙi. 41022 da 9371 kuwa dogaye ne a lanƙwashe kamar gira, na farkon ya fi kyau da tsada. Maigadin gidan da muke hayar ofis, dattijo ne daga wajen Tawa, bai damu da lamba ba. Yakan shinshina ganyen, ya murza, ya ce wannan zai kai na uku, wancan a na biyu zai mutu.

Ganye ɗaya ake dafawa sau uku a 'yar buta bisa gawayi. Na farko baƙi ne, mai ɗaci da ɗaure harshe, shi ke kwashe yawancin abin da ke hana barci. Wanda ya sha shi da yunwa zai ji jiri, don haka sabon shiga ya fara cin wani abu, ko da gyaɗa ce. Na biyu shi ne gwaninta: ɗacin ya kwanta, sukari ya shiga, na'a-na'a ta fito. Na uku ruwa-ruwa ne mai zaƙi, har yara ake ba. Ɗaga butar sama da ake yi ana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi yana narkar da sukari, yana rage zafi, yana tara kumfar da ake auna hannun mai dafawa da ita. A intanet za ka ga ana danganta kofunan da mutuwa da rayuwa da soyayya. Mun tambayi Baba, ya yi dariya ya ce, "Ku dai sha, samari."

Wahalar abin lokaci ne. Zama ɗaya yakan ci fiye da awa, mu kuma da awa ake biyanmu, kuma tashi bayan kofin farko rashin ta-ido ne. Wasunmu sun sayi butar lantarki don su gajarta, shayin ya fito, amma babu wanda ya nemi na biyu. Ga kuma sukari, wanda ba kaɗan ake zubawa ba. Biyu daga cikinmu iyayensu na fama da ciwon suga, yanzu a na biyu suke tsayawa, bayan sun nemi uzuri.

Sai maganar wa ke biya. Albashin Baba na wata bai kai abin da ɗayanmu ke samu a kwana biyu ba, amma shi ke shayar da mu, kuma miƙa masa kuɗi a kan shayi zagi ne. Lokacin da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya yi watanni bai je gida ba, aike ma ya yi wuya, butar kuwa ba ta fasa hawa wuta ba. Tun daga nan muka tsara: wannan ya kawo buhun gawayi, wancan ya biyo ta Kasuwar Gumi da kwalin ganye da mudun sukari, a ajiye a ɗakinsa ba tare da magana ba. Shi ma bai taɓa ɗaga zancen ba, sai dai ya ce ganyen wannan satin ya fi na wancan.